Sharhin BD na jarumai da finafinan sata mai tsari: ta ina ake kama shi?

Ɗan Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar nan. Muna da ɗan zaure a WhatsApp na masu karanta BD, wato littattafan labari cikin zane, da kallon finafinai masu dogon zango, akasarinmu a nan Garwa, wasu a Marwa da Kusuri. An ɗora mini nauyin rubuta sharhi da Hausa duk mako: fitowa ɗaya ta littafin zanen jarumai, da kashi ɗaya na fim ɗin sata ko damfara irin su Lupin da La Casa de Papel. Tambayata biyu ce. Me mai sharhi yake dubawa, ban da ya sake ba da labarin daga farko har ƙarshe ya ce ya yi kyau? Sannan cikin waɗanda suka fito a 'yan shekarun nan, wanne ya cancanci a kashe masa data da kuɗi? Faransanci muke ji sosai, Turanci kaɗan-kaɗan.

Mai Zane, Ngaundere

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan ɗauki ɓangaren BD, in bar wa masu fim nasu.

Fara da sanin girman abin da ke hannunka. Fitowar wata-wata ta Marvel ko DC, labarin cikinta bai cika wuce shafi 20 zuwa 22 ba, sauran talla ne. Fitowa biyar ko shida ke haɗa babi guda, shi ne kuma ake tarawa a kundi. To kada ka yi wa fitowa ɗaya hukuncin kundi. Abin da za ka tambaye ta shi ne: me ya canja tsakanin shafin farko da na ƙarshe? In jarumin yana inda yake, bai san sabon abu ba, bai rasa komai ba, an dai yi faɗa an tashi, to an sayar maka da shafi 20 na jira, kuma ka faɗa wa mutanenka haka.

Karatu uku ake yi wa fitowa. Na farko da sauri, yadda kowa zai karanta. Na biyu ka ƙi karanta magana ko ɗaya, ka bi zanen kawai daga akwati zuwa akwati, wato gidajen da aka raba zanen shafi a cikinsu. In ka gane wa ya shigo, wa ya ji haushi, wa ya bugi wa kuma daga wane ɓangare, mai zanen ya yi aikinsa. In sai da rubutu za ka gane, da matsala. Na uku ka ɗauki biro ka ƙirga akwatunan kowane shafi. Biyar ko shida shi ne tafiyar yau da kullum. Tara zuwa sama, ko dai ana so a rage gudun lokaci ka ga kowane motsi, ko ana so a takura ka. Zane ɗaya da ya cinye shafi gaba ɗaya kuwa tsawa ce, kuma fitowar da ta yi tsawa sau huɗu ba wanda zai firgita a ta huɗun.

Akwai abin da waya ke ɓoyewa. A takarda, idan ka buɗe littafi shafi biyu kake gani lokaci guda, don haka marubucin da ya san aiki yana ajiye abin mamaki a shafin hagu, wanda sai ka juya za ka gan shi, ya kuma bar tambaya a akwatin ƙarshe na shafin dama. Manhajar da ke nuna maka akwati ɗaya-ɗaya tana kashe wannan dabarar baki ɗaya. In a waya za ka karanta don sharhi, ka sa ta nuna cikakken shafi, ko da sai ka riƙa buɗa hoton da yatsu.

Yanzu ga waɗanda zan ce ka fara da su.

Ultimate Spider-Man wanda ya fara a Janairun 2024, rubutun Jonathan Hickman, zanen Marco Checchetto. Peter Parker, wato Spider-Man, a nan magidanci ne, ya auri Mary Jane, suna da yara biyu, gizo-gizon bai cije shi yana yaro ba sai da ya girma. Ben da ya rene shi yana raye, ɗan jarida ne tare da Jameson. Kusan duk fitowar farko ba ka ganin jarumta, zaman iyali ne da mutumin da ke jin akwai abin da ya kuɓuce wa rayuwarsa. Abin dubawa mai kyau shi ne fitowa ta 4, wadda David Messina ya zana: cin abincin dare ne kawai tsakanin Peter da Mary Jane da Harry Osborn da Gwen Stacy, akasari akwati tara-tara a shafi. A nan ne karatu na biyu zai yi maka amfani, don duk aikin yana kan fuska da inda idon kowa ya kalla lokacin da wani ke magana. Aibin jerin kuwa, kowace fitowa tana tsallake wata guda a cikin labarin, saboda haka wasu manyan abubuwa a bayan fage suke faruwa, sai dai ka ji ana ambatarsu.

Sai Absolute Batman, Oktoban 2024, Scott Snyder da Nick Dragotta. An ƙwace wa Bruce Wayne, wato Batman, dukiya da katafaren gida. Injiniyan gine-gine ne, mahaifinsa malamin makaranta da aka harbe a gidan namun daji, mahaifiyarsa tana raye. Alfred ba hadimi ba ne, jami'in leƙen asiri ne, kuma ta bakinsa muke jin fitowar farko. Tambarin jemagen da ke ƙirjinsa yana cirewa ya zama kan gatari. Dragotta yana jera ƙananan akwatuna fiye da goma a shafi, sannan ka juya ka ci karo da ƙaton mutum ya cika shafi, shi ya sa girman nasa yake ratsa mai karatu. Ka lura fitowa ta 4 Gabriel Hernández Walta ne ya zana ta, kuma waiwaye ce kan yadda Bruce ya fara. Duk lokacin da mai zane ya canja, ka rubuta a sharhinka, ka kuma faɗi ko canjin ya dace da labarin ko dai an cike gurbi ne don kada wata ya wuce ba a fitar da komai ba.

A wurina wanda ya fi su duka shi ne Absolute Wonder Woman na Kelly Thompson da Hayden Sherman, wanda ya ci kyautar Eisner, wadda ake ba littattafan zane, a rukunin sabon jeri a 2025. Akwatunan Sherman ba murabba'i ba ne kullum, suna lanƙwasa, suna zagaye, amma ido ba ya ɓata hanya, kuma launin Jordie Bellaire shi ke gaya maka ko kana yanzu ne ko a baya. Sai dai labarin ya ginu kan tatsuniyoyin gumakan Girka da sihiri, matsafiya Circe ce ta reni yarinyar a duniyar matattu. Ka sanar da haka tun a layin farko, don akwai wanda ba zai so ya ba yaransa ba.

Kada ka manta sunan mai launi da mai rubuta haruffa a sharhi. Suna nan a shafin sunaye, aikinsu kuma rabin abin da kake gani ne.

'Yar Marwa

Sannu da ƙoƙari Malam Mai Zane. Ɗan Garwa, ga na fim.

Fim ɗin sata mai tsari wasa ne tsakanin marubuci da mai kallo, kuma yana da doka ɗaya da ba a karyawa: duk abin da za a yi amfani da shi a ƙarshe sai an nuna maka shi tun farko, kai ne dai ba ka kula ba. Aikin mai sharhi shi ne ya tabbatar ko an bi dokar.

Ka kalli kashin sau ɗaya ba tsayawa. Sannan ka raba takarda gida biyar: me ake so a sata, me ke tsare da shi, wa ke da wane aiki a cikin tawagar, me ya lalace a tsakiya, da yadda aka warware. A kallo na biyu ka riƙa rubuta minti. Duk abin da ya fito a gida na biyar, ka nemo mintin da aka fara nuna shi. In ka samu, marubuci ya ci ka da gaskiya. In ba ka samu ba, sai a waiwayen ƙarshe aka ƙirƙiro wani mutum ko wata na'ura da ba a taɓa gani ba, zamba aka yi wa mai kallo, komai daɗin kiɗan da aka sa a wurin.

Gwada wannan a kashin farko na Lupin, na Janairun 2021. Abin sata sarƙar wuyan Marie-Antoinette ce da za a yi gwanjonta a gidan tarihi na Louvre. Assane Diop, wanda Omar Sy ya fito a matsayinsa, ya shiga a matsayin mai shara, ya jawo 'yan daba uku masu bin sa bashi cikin shirin, sannan ya dawo cikin kwat a matsayin attajirin da ya sayi sarƙar. Tun a mintunan farko an nuna maka yadda masu gadi ke bincikar masu shara in za su shiga, da yadda ba wanda ke ɗaga kai ya dubi fuskarsu ko ya damu da buhunan sharar da suke fitarwa. Da aka zo ƙarshe, ta cikin shara sarƙar ta fita, 'yan daban kuma ta jabu suka gudu da ita. Ba sabon abu ko ɗaya. Abin da ya ƙara wa kashin daraja shi ne dabarar satar ita ce kuma maganar fim ɗin: ɗan wani baƙo da ya yi ƙaura daga Senigal, wanda aka yi wa mahaifinsa Babakar sharrin satar wannan sarƙar, ya mayar da rainin da ake yi wa irinsa makami. In ka samu kashin da dabararsa da saƙonsa suka zama abu guda, ka tsaya a kai sosai a sharhinka.

Abu na biyu, auna 'yan sanda. Wayon ɓarawo daidai yake da wayon mai farautarsa. A Lupin akwai Guédira, wanda ya gane cewa ɓarawon yana bin littattafan Maurice Leblanc ne kan gwanin ɓarawo Arsène Lupin, har ya gano sunan Paul Sernine da aka yi gwanjon da shi haruffan Arsène Lupin ne aka jujjuya. Amma manyansa sun daɗe suna watsi da shi, kuma wannan rauni ne, don an jinkirta kamun ne ta hanyar toshe kunnen mutane, ba don Assane ya fi su dabara a lokacin ba. Kwatanta da Raquel Murillo a farkon La Casa de Papel, wadda sau da yawa saura ƙiris ta cafke Farfesa, mai tsara satar, har sai ya fita da kansa yana goge sawu. Shi ya sa zuciya ke bugawa a can.

Wanda zan ce ka kalla don koyon inda tsari ke cutar da labari shi ne Kaleidoscope, na 1 ga Janairun 2023, tare da Giancarlo Esposito. Kashi takwas ne masu sunan launuka, an ce ka kalle su yadda ka ga dama, amma Fari, wanda shi ne daren satar, ya zo ƙarshe. Labarin ya taso daga shekara 24 kafin satar zuwa wata shida bayanta. Tunanin yana da kyau, amma tunda marubuta ba su san wanne ka riga ka gani ba, dole kowane kashi ya sake gabatar da mutane, kuma babu wanda zai iya dogara da na bayansa. In za ka yi sharhinsa, ka rubuta jerin da ka bi, domin wanda ya fara da wani launi daban ba fim ɗaya kuka kalla ba.

Na Njamena

Gaisuwa gare ku duka. Yaya 'Yar Marwa, na yarda da dokarki, amma ina ganin kin yi wa Lupin sassauci. Kashi na biyu fa? Assane ya shiga kurkuku ta hanyar musanya kansa da wani fursuna a ɗakin ziyara, gandirobobi kuma ba su lura ba. Za a ce ai maganar fim ɗin ke nan, ba a kallon fuskar baƙar fata. To amma mai gadin gidan tarihi da ke ganin masu shara da yawa suna wucewa daban ne da gandiroban da aikinsa ke nan ƙirga mutane ɗaya-ɗaya. Dabarar da ta yi aiki a kashi na ɗaya an ja ta har ta tsinke a na biyu. Ɗan Garwa, ka ƙara gida na shida a takardarka: shin wannan dabarar an riga an ci da ita a baya? Zango na uku, na Oktoban 2023, mai kashi bakwai da ya fara da satar baƙin lu'ulu'u, ya fi yawan dogaro da shigar burtu da waiwaye, har mai kallo ya daina tsoro saboda ya san za a koma baya a nuna masa cewa duk an shirya.

Game da La Casa de Papel akwai abin da masu sharhi da yawa ba su sani ba. Asalinsa na tashar Antena 3 ne ta Sifaniya, a 2017, kashi 15 masu kusan minti 70. Da Netflix ta saya sai ta sake yanka shi zuwa kashi 22 gajeru. Ma'ana, inda wasu kashi-kashin ke ƙarewa a wayarka ba nan Álex Pina da mutanensa suka tsara su ƙare ba. In ka ga kashi ya tsaya a wurin da bai da armashi, ko abin mamaki ya faɗo a tsakiya, kada ka yi saurin ɗora wa marubuci laifi. Wannan ya shafi satar farko kawai, ta gidan buga kuɗi, inda shirin shi ne a zauna kwana 11 da mutum 67 da aka yi garkuwa da su a buga yuro biliyan 2.4. Shirin ya yi ƙarfi ne don lokaci shi ne kuɗin: duk awar da aka ƙara, injin na bugawa. Sata ta biyu, ta zinaren Babban Bankin Sifaniya, tana da kyakkyawan shinge, wato rumbun da ke cika da ruwa in an taɓa shi, da narka zinaren zuwa ƙananan ƙwayoyi don a iya fitar da shi. Amma daga baya gurneti da manyan bindigogi suka maye gurbin tunani, fim ɗin sata ya koma na yaƙi har ya ƙare a Disamban 2021. Kuma akwai wuraren batsa a cikinsa, ka rubuta ƙarara cewa ba na kallo da iyali ba ne. Lupin ya fi shi tsafta nesa ba kusa ba.

Batun kuɗi. A lissafin Netflix, awa ɗaya tana cin kusan giga 0.3 a ƙaramin inganci, 0.7 a matsakaici, har zuwa 3 a babba. Zango ukun farko na Lupin kashi 17 ne, kowanne minti arba'in da wani abu, wajen awa 13 ke nan: kusan giga 4 a ƙarami, 9 a matsakaici. Tunda sau biyu za ka kalla, sauke shi za ka yi, kada ka kalla kai tsaye, in ba haka ba ka biya sau biyu. Kashin da za ka yi wa sharhi kaɗai ka sauke a matsakaici, saboda a ƙaramin inganci wuraren duhu suna dagulewa, kuma a nan ake ɓoye hannun da ya musanya abu. Lupin ka kalle shi da Faransancinsa na asali. La Casa de Papel kuma ka bar muryar Sifaniyanci ka sa rubutun Faransanci a ƙasa, don muryar da aka ɗora tana rage zafin wasan.

BD kuwa, Urban Comics ke fitar da na DC da Faransanci, Panini na Marvel, galibi a kundi kuma watanni bayan na Turanci. Yuro ɗaya sefa 656 ne, don haka kundin yuro 20 ya haura sefa 13,000 tun kafin kuɗin ɗauko shi. Mafita ita ce ku yi karo-karo a zauren, a sayi kundi ɗaya yana zagayawa, kai kuma ka raba shi fitowa-fitowa, ya ishe ka sharhin mako biyar ko shida. Kuma ka sa namu na gida a jadawalin. Zebra Comics na Kamaru suna da manhajar waya, ga bikin Mboa BD da ake yi a Duwala da Yawunde inda sababbin masu zane ke baje koli. Malika na Roye Okupe, wadda aka gina kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, za ta fi jawo muhawara a zauren Hausawa fiye da kowane Batman, ka kuma auna ta da ma'aunin da Malam ya bayar ba tare da ragi ba.

Ɗan Garwa

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya. In zan nuna cewa an bi doka ko an karya ta, dole in faɗi yadda aka ƙare. Yaya zan yi kada in ɓata wa wanda bai kalla ba?

'Yar Marwa

Raba shi saƙo biyu, ƙanena. Na farko kalma 120 zuwa 150: sunan fim ko littafi, zango da kashi ko lambar fitowa, shekara, waɗanda suka yi aikin, abin da ake nema a labarin, hukuncinka da dalili ɗaya, da ko ya dace da yara. A nan ba ka wuce abin da ya faru a kashi ɗaya cikin uku na farko. Kana iya cewa an ɓoye makullin a mintuna goman farko, a kula da masu gadi, ba tare da ka faɗi mene ne ba.

Saƙo na biyu ka fara shi da gargaɗi a layi na kansa, ka biyo da layuka marasa komai kamar goma, domin WhatsApp yana nuna farkon saƙo a sanarwa, mutum zai iya gani ko bai buɗe ba. Ka jinkirta shi kwana biyu bayan na farko. A ciki ne za ka kawo mintuna da lambobin shafi. Hoto kuma kada ya wuce akwati biyu ko uku daga farkon fitowar, ban da shafin ƙarshe, don hoto yana buɗewa da kansa a wayoyi da yawa.

Na Njamena, na karɓi gyaranka kan kashi na biyu, sai dai fitarsa daga kurkukun an shimfiɗa ta yadda ya kamata, shigar ce ke da rauni. Ɗan Garwa, ka fara da waɗannan kashi biyun a mako ɗaya, ka sa mutanen zauren su cike gidajen takardar da kansu kafin ka saki naka.